Zan iya cire ƙwayayen fitilar motata in sa na LED?

"Assalamu alaikum Oga. Ina da Corolla 2005 ta Amurka, kuma aikina yana sa ni bin hanyar Kano zuwa Kaduna da dare akalla sau biyu a wata. Fitilar gaba ta yi rauni sosai, idan mota ta taho ta haske ni sai in daina ganin titi gaba ɗaya. Abokaina duk sun koma LED, suna cewa in canza dukkan ƙwayayen motar, na gaba da na baya da sigina. Shin hakan daidai ne? Ba zai lalata wayoyin mota ko batir ba?"

Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka biyu ce a dunƙule. Ta farko, me ya sa ba ka gani da dare. Ta biyu, ko LED ne maganin. Mafi yawan masu zuwa garejina da wannan magana sun riga sun haɗe su wuri ɗaya, sun yanke hukuncin cewa ƙwai ne matsalar, kuma sau da yawa ba shi ba ne. Na fi shekara ashirin ina aikin wayar mota, kuma abin da zan gaya maka a taƙaice shi ne: ƙananan ƙwayaye za ka iya canzawa idan ka kiyaye wasu abubuwa, amma fitilar gaba sai an bi ta a hankali, don ita ba kai kaɗai ta shafa ba, har da wanda yake tahowa ta ɗaya hannun.

Batun batir da wayoyi kuwa ka kwantar da hankalinka. LED wutar da yake ja ba ta kai ta tsohon ƙwai ba, saboda haka ba zai ƙona waya ba, ba zai kashe batir ba. Abin da ke ƙona soket da narkar da waya shi ne ƙwan halojin mai wat 100 da wasu ke cusawa a gurbin mai wat 55. Abin mamakin shi ne, ƙarancin wutar da LED ke ja shi ne ma tushen yawancin rigimarsa a tsofaffin motoci, kamar yadda za ka gani. Sai dai kada wani ya ce maka zai rage maka shan mai. Bambancin ba zai taɓa bayyana a aljihunka ba.

Bambancin ƙwayayen biyu

Tsohon ƙwai, ko na sigina ne ko halojin na gaba, siririn zaren ƙarfe ne a cikin gilashi. Wuta ta bi ta cikinsa, ya yi zafi har ya yi fari, ya ba da haske. Mafi yawan wutar da yake ci zafi take zama, haske ɗan kaɗan ne. Amma yana da wata siffa da mutane ba sa lura da ita: zaren nan ɗan ƙarami ne ƙwarai, yana zaune a wuri ɗaya tak, kuma yana watsa haske ta kowane gefe. LED kuwa ɗan fale-falen abu ne da aka manna a jikin allo, haskensa gefe ɗaya yake fita, kamar tocila. Shi ya sa masu ƙera ƙwan mota suke manna shi gaba da baya a jikin ɗan ƙarfe don ya kwaikwayi zaren. Wani ƙwan kwaikwayon ya yi kusa, wani kuwa ko hanya ba su haɗa ba.

Motocin da suka zo da LED daga kamfani, tun daga Lexus LS 600h ta 2007 zuwa sababbin yau, an zana gidan fitilarsu ne don LED tun farko. Taka an zana ta ne don zare. Wannan shi ne gaba ɗayan maganar.

Kafin ka sayi komai

Mota mai shekara ashirin da fitilarta ta yi rauni, abu huɗu nake dubawa kafin in yarda a kashe kuɗi a kan ƙwai. Gilashin gaban fitilar roba ce, kuma ranar ƙasar nan tana dafa ta har ta koma rawaya ta dushe. Idan ta kai haka, ko wane irin ƙwai ka sa a baya, hasken zai watse ne a jikin robar maimakon ya isa titi. Ana goge ta da samfefa mai laushi a bi da man goge fenti, sannan a fesa mata abin kariya daga rana, in ba haka ba bayan 'yan watanni ta koma gidan jiya. Na biyu, madubin cikin fitilar. Idan ruwa ya taɓa shiga ko an taɓa sa ƙwai mai wat da yawa, azurfar jikinsa takan ƙone ta yi toka-toka. Wannan ba ya gyaruwa, sai dai a nemi wata fitilar, kuma a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba za a rasa ta Corolla ba.

Na uku shi ne wanda ya fi yawa, kuma shi aka fi mantawa da shi: wutar da ke isa ƙwan. Idan inji yana aiki, batir ya kamata ya nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Sai in ɗora mita a kan soket ɗin ƙwan yana kunne. Sau da yawa sai in tarar da 12 ko ƙasa da haka, sauran ta zube a hanya: soket ya yi tsatsa, makunni ya tsufa, wayar da aka ɗaure a jikin bodi ta saki. Halojin ba ya yafe wannan. Idan wuta ta ragu da kashi biyar cikin ɗari, haskensa yakan ragu da wajen kashi goma sha biyar. To ka lissafa idan bolt ɗaya da rabi ne ya ɓace. Na sha gyara wannan kawai, in wanke soket, in ɗaure wayar bodi, ko in ja sabuwar waya mai kauri daga batir ta bi ta fis da rile (ɗan makunnin da wuta ke kunna shi), mai mota ya dawo washegari yana tambaya wane ƙwai na sa masa. Ban canza ƙwai ba.

Na huɗu saiti. Motar da aka taɓa buge wa gaba, ko aka canza mata fitila, sau da yawa ɗaya tana kallon ƙasa ɗaya tana kallon bishiya. Shi kansa ƙwan halojin yana dushewa da tsufa tun kafin ya mutu, saboda haka sabon ƙwai na kirki mai wat daidai yakan kawo bambanci. Idan za ka sa shi, kada ka taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana.

Fitilar gaba

Corolla irin taka ta Amurka tana amfani da ƙwai mai lamba 9006 a dim, 9005 a ful, amma ka zare ƙwan ka karanta lambar da ke gindinsa, don an sha canza wa motoci fitila da ta wata ƙasa. Ƙwan 9006 wat 55 ne, haskensa wajen lumen 1,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Za ka ga kwalin LED a kasuwa an rubuta lumen 20,000 ko fiye. Kada ka ɗauki wannan lamba da muhimmanci, ba a kan titi aka auna ta ba, kuma ɗan ƙwan da ke cikin kwalin ba shi da hanyar fitar da zafin da irin wannan haske zai haifar.

Madubin da ke cikin fitilarka an lanƙwasa shi ne ta yadda zai kwashi haske daga daidai inda zaren yake, ya jefa shi nesa a kan titi, ya yanke shi a sama don kada ya shiga idon mai tahowa. Idan tushen hasken ya gusa ko da milimita biyu ne, ko ya fi zaren faɗi, lissafin ya rushe. Abin da ke faruwa sai ya zama haske ya taru fari fat a gaban bamba, wani kuma ya tashi sama. Direba yana zaune yana jin daɗi, yana ganin gabansa kamar rana. Amma wannan farin da ke kusa yana sa ƙwayar idonsa ta tsuke, sai ganinsa na nesa ya ragu, alhali a gudun kilomita 100 abin da ke mita 60 ko 80 shi ne zai cece ka: tirela da ta lalace ba alama, shanu suna tsallakawa, ramin da ruwa ya ci. A wannan gudu motarka tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa.

Ka ce idan aka haske ka ba ka ganin titi. Malam, da yawa daga cikin masu haske ka ɗin ba ful suka kunna ba, dim ɗinsu ne, LED ne aka cusa a gidan halojin ba a saita ba. Wannan abu yana damuna matuƙa, don na ga motocin da aka jawo gareji bayan irin wannan makanta ta 'yan daƙiƙu, kuma ba na so ka shiga layin masu yi wa wasu abin da kake kuka da shi.

Wannan ba yana nufin babu LED mai kyau ba. Akwai. A Jamus, tun 2020 hukuma ta amince da wasu ƙwayayen LED masu lamba H7, kamfanin Osram ne ya fara samu, amma ba ga kowace mota ba: sai motar da aka gwada ƙwan a cikin fitilarta aka ga hasken ya zauna daidai, aka sa sunanta a jeri. A Ingila kuwa, daga 2021 motar da aka sa wa LED a gidan halojin tana faɗuwa a gwajin shekara, in ban da tsofaffi ƙwarai. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne ƙwai ɗaya yana iya yin kyau a wata fitila ya yi ɓarna a wata. Ni ban ga motarka ba, ban ga ƙwan da za a miƙo maka ba, saboda haka ba zan ce maka zai yi ko ba zai yi ba daga nan. Bango ne zai faɗa.

Ga yadda nake yi. Da dare, a sami fili mai daidai da bango, a tsayar da mota mita 10 daga bangon, tayoyi da iska daidai. A kunna dim da tsohon ƙwan, a manna tef a bango daidai inda haske ya yanke, da inda ya fi ƙarfi. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa. Layin da haske ya yanke ya kamata ya zauna kamar santimita 10 ƙasa da wannan tsayi. Sannan a sa LED a gefe ɗaya kawai, a rufe ɗaya fitilar da kwali, a duba. Idan layin yana nan a yanke, sama da shi duhu, kuma wurin da ya fi haske yana kusa da layin ba can ƙasa ba, ƙwan ya dace. Idan haske ya fantsama sama da tef, ko ya yi dabbare-dabbare da ramukan duhu, a cire shi, kome tsadarsa. Daga nan ka bar motar a kunne ka taka mita talatin gabanta, ka ɗan durƙusa daidai tsayin mai zaune a ƙaramar mota, ka kalle ta. Idonka zai gaya maka abin da wasu za su gani.

Wajen zaɓe, ka ɗora LED ɗin kusa da tsohon ƙwan, gindi da gindi. 'Yan ƙwayoyin hasken su zo daidai tsayin zaren, su zama sirara kamar shi, allon da ke tsakaninsu ya zama siriri. Masu fuska huɗu ko shida da ake tallata su da cewa sun fi haske, su ne suka fi watsa shi. Idan an ɗaura, ƙwayoyin su kalli dama da hagu, ba sama da ƙasa ba. Fitila mai ƙwallon gilashi a ciki, wadda ake kira furojekta, ta fi haƙuri da LED don tana da ƙarfen da ke yanke haske, amma ita ma sai an gwada.

Sai launi. Ana auna launin haske da K, yawan lambar yawan farinsa. Halojin yana wajen 3200K, haske mai ɗan ja-ja. Yawancin LED na kasuwa 6000K ne ko 6500K, fari mai shuɗi-shuɗi. A ido yana da kyau, amma ka tuna da hanyar da kake bi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauka tsakanin Zariya da Kano, farin hasken nan yana dawo maka a ido kamar an rataya farin zani a gaban mota, ya gajiyar da kai. Haka a ruwan sama, baƙar kwalta mai jiƙe tana shanye shi. Idan ka sami 4300K zuwa 5000K, shi nake zaɓa wa mai tafiyar dare.

Zafi ma abin dubawa ne. Mutane suna cewa LED ba ya zafi. Gabansa ne ba ya zafi, gindinsa yana yi, kuma zafi ne ke kashe shi. Shi ya sa ake sa masa 'yar fanka ko ƙarfe mai tsaga-tsaga. A watan Afrilu, cikin gidan inji, ga ƙurar da muke da ita, fankar ƙwai mai arha ba ta daɗewa. Idan ta tsaya, haske ya dushe ko ya fara kyaftawa. Wani kuskuren da nake gani kullum shi ne a cire robar da ke rufe bayan fitila don gindin LED bai shiga ba, a bar wurin a buɗe. Damina ɗaya ta isa ƙura da ruwa su cinye madubin. Wasu motocin Amurka da Kanada kuma suna da tsarin kunna fitila da rana da ke tura rabin wuta zuwa ƙwan gaba. LED a wannan layi yakan yi ta kyafta ido, sai an sa masa ɗan akwatin daidaita wuta.

Wani abu a gefe: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, amma har yau ana shigo da motocin Ingila da Japan a juya musu sitiyari a bar fitilar. Irin wannan fitila tana ɗaga haske ne ta hagu, wato cikin idon mai tahowa. Sa mata LED ƙara wa wuta fetur ne. Maganinta canza fitilar.

Ƙananan ƙwayaye

Nan ne LED ya fi amfani. Wutar cikin mota, ta but, ta lamba, ta fakin da ta ribas, duk ka canza. Idan ka manta wutar ciki a kunne ta kwana, da wuya ta kwantar maka da batir. Idan ka sa ƙaramin ƙwai bai kama ba, kada ka ce ya mutu: LED yana da hannun da wuta ke shiga, zare shi ka juya. A motocin Turai na baya-bayan nan, irin Mercedes da BMW da Volkswagen, kwamfutar mota tana lura da wutar da kowane ƙwai ke ja, sai ta rubuta maka a dashbod cewa ƙwai ya mutu. Su sai ƙwan da aka rubuta wa canbus, kuma ko shi ba kullum yake rufe mata baki ba.

Wutar birki tana da riba ta gaske. Zare yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya yi cikakken haske, LED kuwa nan take. A gudun kilomita 100, wannan ya ba wanda ke bayanka ƙarin mita biyar da ɗoriya. Amma da sharaɗi biyu. Ka sa jan LED a bayan jan gilashi, ba fari ba. Jan gilashi yana tace farin LED ya bar wani fari-fari mai rauni. Sannan ƙwan birki mai zare biyu ne, wat 21 na birki da wat 5 na fakin, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke gaya wa na baya ka taka birki. LED mai arha sau da yawa fakin ɗinsa ya yi haske da yawa, birkin bai fi shi da komai ba. Ka sa yaro ya taka birki da wutar fakin a kunne, ka koma baya mita ashirin ka duba, da rana tsaka da kuma dare, ta tsakiya da ta gefe. Idan bambancin bai fito sarai ba, tsohon ƙwan ya fi maka aminci.

Sigina ita ce ke ba mutane mamaki. Ƙwan sigina wat 21 ne, yana jan wajen amfiya ɗaya da kwata uku. An yi filashar mota, wato ɗan akwatin da ke sa sigina bugawa, ta yadda idan wutar da ake ja ta ragu, sai ta riƙa bugawa da sauri don ta sanar da kai ƙwai ya mutu. LED yana jan kaɗan, sai filasha ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta kama bugawa kamar ana korar ta. Hanya mai tsabta ita ce a canza filashar da wadda aka yi don LED, a tafi da tsohuwar kasuwa a gwada ƙafafunta. Ɗaya hanyar ita ce a haɗa wa kowane ƙwai rezisto, wato ɗan abin da ke jan ƙarin wuta kamar tsohon ƙwai, yawanci mai om 6, wat 50. Yana aiki, amma yana cinye wutar da aka ce an rage, kuma yana zafin da zai narkar da roba. Na taɓa karɓar motar da aka naɗe shi da tef aka cusa cikin wayoyin but, har kafet ya fara ƙonewa. Idan dole ne, a ɗaure shi da ƙusa a jikin ƙarfen bodi, nesa da waya. Kuma ko ta wace hanya aka bi, motar ba za ta ƙara gaya maka sigina ta mutu ba, sai ka riƙa zagayawa kana dubawa da kanka.

Akwai ƙwai ɗaya da nake hana kowa taɓawa: na alamar batir a dashbod. A tsofaffin motoci da yawa, 'yar wutar da ke bi ta cikin wannan ƙwai ita ce ke tayar da altaneta ta fara caji. Aka sa LED a wurin, altaneta ba za ta fara ba sai an taka totur sosai, wani lokaci ma ta ƙi. Idan kuma bayan canji rediyonka ya fara shuu duk sanda ka kunna fitila, daga ɗan akwatin LED ɗin ne, alama ce ta ƙwai maras inganci.

Da motar a hannuna take, zan fara da goge gilashi, auna wutar soket, sa sabon 9006 na kirki, in saita a bango, ka yi tafiya ɗaya zuwa Kaduna ka dawo. Idan ya ishe ka, an gama da gaba, sai mu canza na ciki da ribas da birki. Idan bai isa ba, sai mu gwada LED a dim, da sharaɗin mai kaya zai karɓi abinsa idan bango ya ƙi shi. Tsofaffin ƙwayayen kuma ka naɗe su a tsumma ka ajiye a mota tare da fis biyu ko uku, don idan fankar LED ta tsaya maka a Kwanar Dangora da ƙarfe ɗayan dare, su za ka mayar ka ƙarasa gida.